Mai Rumfa Ke Cin Kasuwa: Tarihin Kamfanin Westfield

Duk matafiyin da ya taɓa sauka birnin Paris, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa har tashar Châtelet-Les Halles, ya san cewa kafin ya ga hasken rana sai ya ratsa ta cikin wata katafariyar kasuwa mai hawa-hawa, wadda kantunanta ke jere cikin ƙasa kamar gidan gara. A wurin nan ne tsohuwar babbar kasuwar Paris ta yi ɗaruruwan shekaru tana ci, mahauta da masu kayan lambu suna sauke kaya tun kafin asuba, har aka tashe ta zuwa Rungis a shekara ta 1969. Kasuwar zamanin da aka gina bisa kufanta ta buɗe a 1979 da sunan Forum des Halles. Tun daga 2019 kuwa, an liƙa mata wani suna a gaba da jan rubutu: Westfield.

Sunan nan baƙo ne a Faransa. An raɗa shi ne a wata unguwar bayan gari ta birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, kuma waɗanda suka raɗa shi wasu ƴan gudun hijira ne guda biyu da suka isa ƙasar hannu rabbana, suka soma da sayar da burodi da nama. Yadda suna ya taso daga ƙaramin shago ya hau bisa ƙofar kasuwar Paris, shi ne batun filin na wannan mako. Labarin ya shafi duk wanda ya taɓa biyan kuɗin hayar rumfa, domin tun ranar da kamfanin ya bar shagon burodi bai sake sayar da ko allura ba. Hajarsa guda ce: ƙafar jama'a. Yana tara mutane wuri ɗaya, sa'an nan ya sayar wa ƴan kasuwa izinin tsayawa a kan hanyarsu.

Baƙi biyu a Blacktown

An haifi Frank Lowy a 1930 a garin Filakovo, cikin ƙasar da ake kira Cekoslobakiya a lokacin, Sulobakiya ta yau. Iyayensa Yahudawa ne. Da yaƙin duniya na biyu ya tsananta, sai iyalin suka koma Budapest, babban birnin Hangari. A 1944, da sojojin Jamus suka mamaye ƙasar, mahaifinsa ya fita zuwa tashar jirgin ƙasa neman hanyar fitar da iyalinsa, bai sake dawowa ba. Sai bayan shekaru fiye da 40 ɗan ya sami labarin cewa an kashe shi a sansanin Auschwitz. Bayan yaƙi yaron ya bi ta Faransa ya shiga jirgin ruwa zuwa Falasɗinu, Turawan Ingila suka tsare shi a tsibirin Kubrus, daga baya ya shiga yaƙin 1948 a ɓangaren Isra'ila. A 1952 ya bi mahaifiyarsa da ƴan'uwansa zuwa Ostareliya, yana ɗan shekara 21, ba shi da takardar makaranta mai zurfi, Ingilishinsa kuma kaɗan ne.

Aikin da ya samu shi ne raba kayan abinci ga shaguna a mota. A cikin wanga yawo ne ya haɗu da John Saunders, mutumin Hangari wanda aka haifa a 1922, shi ma ya tsira daga sansanonin ƴan Nazi, yana riƙe da wani ɗan shagon abinci a Sidni. Jininsu ya haɗu. A 1955 suka buɗe shago tare a Blacktown, can yamma da birnin, daura da tashar jirgin ƙasa.

Zaɓen wurin nan shi ne darasinsu na farko, kuma ba su taɓa mantawa da shi ba. A shekarun nan Ostareliya na karɓar baƙi daga Turai babu ƙaƙƙautawa. A 1955 ɗin ne aka ƙirga baƙo na miliyan ɗaya tun bayan ƙarshen yaƙi. Gidajen tsakiyar birni sun fi ƙarfin waɗannan baƙi, don haka suka riƙa yin sansani a bayan gari, inda fili ke da araha. Kowace yamma jirgin ƙasa na zubo su a tashar Blacktown, a gajiye, da kewar irin burodi da naman da suka saba ci a ƙasashensu. Shagon yana nan gabansu, ba sai sun nema ba. Da ciniki ya kankama, abokan biyu suka buɗe wurin shan kafe a kusa, sa'an nan suka fara sayen gonaki suna yanka su filaye suna gina gidaje. Daga nan sunan ya fito: kalmar farko na nufin yamma, wato yammacin Sidni, ta biyu kuma na nufin fili ko gona.

A watan Yuli na 1959 suka buɗe kasuwarsu ta farko a Blacktown: shaguna 12, da babban kantin kayan masarufi, da filin ajiye motoci wajen 50. Ba su ne suka ƙago dabarar ba. A Amurka wani mai zanen gine-gine ɗan asalin Ostiriya, Victor Gruen, ya riga ya buɗe Southdale a jihar Minnesota a 1956, kasuwa ta farko mai rufi baki ɗaya da na'urar daidaita zafi da sanyi. A Ostareliya ma an riga su da Chermside a Birisben da Top Ryde a Sidni, duka a 1957. Abin da suka fi sauran shi ne naci da saurin koyo. A 1960 suka shigar da kamfanin kasuwar hannun jari ta Sidni, a 1961 suka buɗe ta Hornsby, a 1966 ta Burwood, a 1967 suka tsallaka jihar Queensland da kasuwar Toombul, a 1969 kuma suka isa Malbon da ta Doncaster. Ko'ina mota da sababbin gidaje suka nufa, sai a tarar sun riga sun sayi fili a mahaɗar hanya.

Dabarar turke

Yana da kyau mai karatu ya tsaya nan ya dubi yadda irin wannan kasuwa ke aiki, domin a nan asirin dukiyar yake. Kasuwar gargajiya takan tsiro ne da kanta: mahaɗar hanyoyi, rijiya, inuwar wata bishiya, sai masu talla su taru, a hankali a kafa rumfuna, daga baya hukuma ta zo karɓar haraji. Kasuwar Westfield kuwa ana zana ta a takarda tun kafin a aza tubali, kuma mutum guda ke da ƙasa da rufi da hanya da fitila.

Abu na farko da mai ginin ke nema shi ne turke, wato wani babban kanti sananne wanda sunansa kaɗai ya isa ya fito da mutane daga gida. Irin wannan kanti ana lallashinsa ne, a ba shi fili mai faɗi a kan haya mai rahusa ta shekaru masu yawa. Akan kafa turke ɗaya a wannan ƙarshen gini, ɗaya a wancan, ta yadda mai saye da ya fito daga na farko zai nufi na biyu dole ya ratsa doguwar hanyar da ke tsakani. A bakin wannan hanya ake jera ƙananan shaguna: mai takalma, mai turare, mai agogo, mai magani, mai abinci. Su ne ke biyan haya mai tsada, wadda idan aka auna da faɗin wuri ta ninka ta babban kanti sau da yawa. Ke nan babban kanti na kawo jama'a, ƙananan shaguna na biyan kuɗin zuwansu.

Hayar ma iri biyu ce a haɗe. Akwai kuɗin da aka yanke, wanda ke ƙaruwa shekara-shekara bisa yarjejeniya. Akwai kuma wani kaso na cinikin ɗan haya idan ya wuce wani adadi. Saboda haka ɗan haya na bayyana wa mai gini cinikinsa, mai gini kuwa ya san abin da ke shiga aljihun kowa. Ya san wace kusurwa ke ja, wace sana'a ke tashe, wace ke mutuwa. Shi ke zaɓen wanda zai zauna kusa da wane, shi ke ƙayyade lokacin buɗewa da rufewa. Hatta matakalar nan mai tafiya da kanta akan ajiye ta ne inda za ta sa mutum ya zaga gaban shaguna da yawa kafin ya hau bene na gaba. Sarkin kasuwa na gargajiya bai taɓa mafarkin irin wannan iko ba.

Daɗin daɗawa, Westfield ya riƙe dukan sassan aikin a hannunsa. Shi ke zane, shi ke gini, shi ke neman ƴan haya, shi ke gudanarwa. Kuma bai yarda kasuwa ta tsufa ba: bayan ƴan shekaru sai a rushe wani sashe, a faɗaɗa, a ƙara bene, a kawo gidan silima da zauren cin abinci, haya kuma ta tashi.

Da ruwan wasu aka ja na rijiya

Gini irin wannan na cin kuɗi ƙwarai, kuma kuɗin na daɗewa a binne cikin siminti. Mafitar da Lowy ya samo, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1982, ita ce raba kamfanin gida biyu. Gida ɗaya asusun amana ne da ke mallakar gine-ginen, wanda jama'a da asusun ƴan fansho ke sayen hannun jarinsa don su riƙa samun rabon kuɗin haya. Gida na biyu, wanda iyalin Lowy ke da ƙarfi a cikinsa, shi ke gini da gudanarwa, ana biyansa lada a kan kowane aiki. Ta haka nauyin mallaka ya koma wuyan masu zuba jari, linzami kuma ya zauna hannun masu kamfani. Hausawa na cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya; su kam da ruwan wasu suka ja nasu, kuma muddin haya na shigowa babu wanda ya yi ƙorafi.

Sau ɗaya kamfanin ya bar sana'ar da ya sani, ya kuwa ɗanɗana kuɗarsa. A 1987 wani reshensa ya sayi tashar talabijin ta Network Ten, watanni kaɗan kafin kasuwannin hannun jari na duniya su faɗi a watan Oktoba na shekarar. A 1989 aka rabu da tashar da hasarar ɗaruruwan miliyoyin dala. A 1987 ɗin ne kuma John Saunders ya sayar da kasonsa ya fita, bayan zama tare na shekaru fiye da 30. Ya rasu a 1997. Daga nan kamfanin ya zama na Lowy da ƴaƴansa maza uku, David da Peter da Steven.

Tsallaka teku

Ostareliya ƙasa ce mai faɗi amma mutanenta kaɗan ne, kuma manyan biranenta ana ƙirga su da yatsu. Tun a 1977 kamfanin ya sayi kasuwar Trumbull a jihar Connecticut ta Amurka, wato almajiri ya shiga gidan malaminsa. Ya yi shekaru yana tafiya sannu, yana sayen kasuwannin da suka gaji yana gyarawa. A 1986 ya sami Garden State Plaza a jihar New Jersey. Babban tsallen ya zo a 1994, lokacin da shi da abokan haɗin gwiwa suka sayi kamfanin CenterMark mai kasuwanni 19 a kan dala miliyar ɗaya. A 1998 ya ƙara da kasuwannin TrizecHahn, abin da ya ba shi ƙarfi sosai a jihar Kalifoniya, a 2002 kuma suka raba dukiyar Rodamco ta Arewacin Amurka shi da kamfanonin Simon da Rouse. Ya shiga Niyu Zilan a 1997, ya shiga Ingila a shekara ta 2000 ta birnin Nottingham.

Wani abu da ya bambanta shi da takwarorinsa na Amurka shi ne liƙa sunansa a kan kowace kasuwa. Sauran masu gine-gine sukan ɓuya bayan sunan unguwa. Shi kuwa ya so mai saye ya ce zai tafi Westfield, kamar yadda ake kiran sunan lemo ko sabulu. Mazauna wasu biranen sun yi gunaguni da aka sauya wa kasuwanninsu suna, amma sunan ya zauna, har ya zama dukiya mai zaman kanta.

A watan Yuli na 2001 kamfanin ya sa hannu a kan hayar shekara 99 ta kantunan da ke ƙarƙashin tagwayen benayen World Trade Center a birnin Niyu Yok. Ba a cika wata biyu ba aka kai harin 11 ga Satumba, ginin ya zama toka. Sai a watan Agusta na 2016, bayan shekara 15, Westfield ya sake buɗe kasuwa a wurin.

A 2004 aka haɗe rassan kamfanin wuri guda da sunan Westfield Group, mai kasuwanni fiye da 120 a ƙasashe huɗu, wanda a lokacin babu kamarsa a darajar hannun jari cikin kamfanonin kasuwannin zamani na duniya. A ƙarshen Oktoba na 2008, ana tsakiyar rikicin bankuna, ya buɗe Westfield London a yammacin Landan, mutane da yawa na cewa ya yi ganganci. A Satumba na 2011 ya buɗe ta Stratford a gabashin birnin, a bakin ƙofar filin wasannin Olamfik na 2012, ta yadda yawancin ƴan kallo sai da suka ratsa tsakanin kantuna kafin su kai ga kujerunsu. Dabarar tashar Blacktown ce aka maimaita, sai dai wannan karon taron na duniya ne.

Kura da shan bugu

Duk wannan ɗaukaka tana da wanda ya ɗauki nauyinta. A Ostareliya ƙananan ƴan kasuwa sun daɗe suna kuka da manyan masu gine-gine, kuma Westfield, da yake shi ne babba, sunansa ya fi fitowa. Kukan nasu a fili yake. Mutum ya zuba dukiyarsa ya ƙawata shago, ya yi shekara biyar yana tara abokan ciniki. Ranar da wa'adin haya ya cika, mai gini, wanda ya san cinikinsa ciki da waje, ya yanka masa sabon farashi. In ya ƙi, babu inda zai koma, domin kasuwar ta riga ta janye jama'a daga tsofaffin titunan gari. In ya yarda, ribarsa ta koma wa mai rumfa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganar ta kai har jihohin ƙasar suka kafa dokoki na musamman a kan hayar shaguna, kuma a 2008 wata hukumar binciken tattalin arziki ta gwamnatin tarayya ta fitar da rahoto a kan batun.

Masu kare kamfanin na da tasu hujja, kuma ba ta wofi ba ce: ɗan haya na samun tsaro, da tsabta, da wutar da ba ta yankewa, da taron da shi kaɗai ba zai iya tarawa ba, kuma ba a tilasta wa kowa shiga ba. Sai dai akwai wata hasara da ba ta shiga lissafin kowa. Dandalin gari na kowa ne, mai kuɗi da maras shi, mai talla da mai wa'azi da mai zanga-zanga. Dandalin cikin kasuwar zamani kuwa mallakar kamfani ne, mai gadi na iya fitar da wanda bai yi masa ba. Victor Gruen kansa, wanda ya yi fatan ginin nasa zai zama zuciyar unguwa mai makaranta da asibiti da wurin hutawa, ya koma Vienna a ƙarshen rayuwarsa yana nesanta kansa daga abin da aka mayar da dabararsa.

Sayarwa a kan lokaci

Tun kafin sauran su farga, iyalin Lowy sun ga alamar hadari. Kamfanin Amazon da aka kafa a 1994 ya koya wa mutane saye daga gida ta intanet, manyan kantunan Amurka da ke zaman turke kuma suka fara rauni. In turke ya tumɓuke, ƙananan shaguna ba su da abin kamawa. Westfield ya fara sauke kaya: a 2012 da 2013 ya sayar wa kamfanin Starwood da dama daga cikin matsakaitan kasuwanninsa na Amurka, ya tattara ƙarfinsa a kan manya na birane masu arziki. A 2014 aka sake raba gida: kasuwannin Ostareliya da Niyu Zilan suka koma ƙarƙashin sabon kamfani mai suna Scentre Group, na Amurka da Ingila suka zauna a Westfield Corporation.

A watan Disamba na 2017, Frank Lowy, yana da shekara 87, ya ba da sanarwar sayar da Westfield Corporation da kasuwanninsa 35 ga kamfanin Unibail-Rodamco, a kan kimanin dala miliyar 24.7 idan aka haɗa da bashi. A kuɗin sefa wannan ya haura miliyar 13,000, wato wajen ninki bakwai na kasafin kuɗin ƙasar Nijar na shekarar 2018. Mai sayen ba ƙaramin ɗan kasuwa ba ne. An kafa Unibail a Paris a 1968, ya haɗe da Rodamco Europe na ƙasar Holan a 2007, kuma shi ke da Forum des Halles, da Les 4 Temps a unguwar La Défense, da Parly 2, da Part-Dieu a birnin Lyon. An kammala cinikin a watan Yuni na 2018, aka sami Unibail-Rodamco-Westfield mai kasuwanni fiye da 100 a ƙasashe 13. Shekara guda bayan haka aka fara liƙa jan sunan a kan manyan kasuwannin Faransa da na wasu ƙasashen Turai.

Ranar da ƙafa ta ɗauke

Mai sayarwa ya fita da dariya. Mai saye ya shiga da bashi. Watanni huɗu bayan kammala cinikin, a Oktoba na 2018, kantunan Sears, waɗanda suka yi shekaru suna zaman turke a kasuwannin Amurka, suka nemi kariyar kotu saboda karyewa. Sai kuma annobar korona ta zo a 2020, gwamnatoci suka rufe kasuwanni makonni da watanni. Kamfanin da hajarsa ita ce taron jama'a ya wayi gari an haramta taro. Ƴan haya suka kasa biya, alhali bashin da ke wuyansa ya kai wajen yuro miliyar 24. Hannun jarin da ya kusa yuro 190 a tsakiyar 2018 ya faɗo zuwa wajen yuro 30 a damina ta ƙarshen 2020.

Shugabannin kamfanin suka nemi masu hannun jari su ƙara zuba yuro miliyar 3.5. Sai tawaye ya tashi daga cikin gida, ƙarƙashin jagorancin Léon Bressler, wanda ya shugabanci Unibail daga 1992 zuwa 2006, da Xavier Niel, attajirin da ya kafa kamfanin sadarwa na Free. Hujjarsu ita ce sayen Westfield kuskure ne tun asali, kuma maganin bashi shi ne a sayar da kasuwannin Amurka. A babban taron Nuwamba na 2020 shirin ƙarin jarin bai sami rinjayen da doka ke bukata ba. Christophe Cuvillier, wanda ya ƙulla cinikin Westfield, ya rasa kujerarsa, Jean-Marie Tritant ya karɓi ragama a farkon 2021. Shekara uku a jere ba a raba wa masu hannun jari riba ba.

Abin da ya faru a San Faransisko ya isa misali. A 2023 kantin Nordstrom, turken kasuwar Westfield ta tsakiyar birnin, ya ba da sanarwar tashi, domin ma'aikatan ofisoshi sun koma aiki daga gida, tituna sun yi fayau. A watan Yuni na shekarar kamfanin da abokin haɗin gwiwarsa suka daina biyan bashin dala miliyan 558 da ke kan ginin, suka miƙa mabuɗi ga masu bin bashi. Ginin na nan tsaye da benayensa da fitilunsa, amma da ƙafa ta ɗauke darajarsa ta bi ta.

Wannan ba ya nufin sana'ar ta mutu. Kamfanin ya sayar da ƙananan kasuwanninsa da dama a Amurka da Turai ya rage bashi, ya riƙe manya, ya koma raba riba, har ya buɗe sabuwa a birnin Hamburg na Jamus a 2025. Manyan kasuwannin da ke kan tashoshin jirgi a Paris da Landan sun sake cika. Abin da ya bayyana shi ne tazara ta buɗe tsakanin ƴan ƙalilan da ke mahaɗar jama'a da ɗimbin waɗanda aka gina don kawai akwai fili da rancen banki.

Abin lura ga na kusa

Westfield bai taɓa kafa kasuwa a Afirka ta Yamma ba, amma dabararsa ta iso ta hannun wasu. A Kano an buɗe kasuwar zamani ta Ado Bayero a 2014 da kantin Shoprite a matsayin turke. A Abijan kamfanin CFAO ya buɗe Playce Marcory a 2015 da kantin Carrefour. A watan Janairu na 2024 Shoprite ya rufe reshensa na Kano, alhali kasuwannin Kwari da Sabon Gari na nan cike maƙil. Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da ke zirga-zirga kan wannan hanya sun ga abin da idonsu.

Duk lokacin da wata babbar kasuwa ta ƙone, kamar yadda ta Yamai ta ƙone a 1982 aka sake buɗe ta a 1987, ko kuma wata ma'aikatar magajin gari ta ƙudura sabunta tata, maganar da ke biyo baya guda ce: wa zai ba da kuɗin gini, wa zai mallaki rufin, nawa za a yanka wa rumfa, kuma wa zai sami ta bakin ƙofa. Tarihin baƙin nan biyu na Blacktown na nuna cewa a wurin amsa waɗannan tambayoyi ake raba arzikin kasuwa na shekaru 30 masu zuwa, tun kafin a sayar da ƙyalle ɗaya. Ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa su zauna a teburin tun ranar zane, su karanta takardar haya layi-layi, musamman sharaɗin sabuntawa idan wa'adi ya cika. Hukumomi kuma su tuna cewa Lowy da Saunders sun fara duba inda jirgi ke sauke mutane kafin su sayi fili, kuma wanda ya gaji kamfaninsu ya kusa durƙushewa ne ranar da bashi ya yi yawa, masu wucewa suka yi kaɗan.

Sai wani mako, in Allah ya yarda.